Gidan da Ke Sanyaya Kansa

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin haya a Kakuri ko Makera cikin watan Maris ya san abin da ake nufi da zafi. Rana ta faɗi tun ɗazu, waje ya fara sanyi, amma ɗaki na nan kamar tanda. In an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai mutane su kwashi tabarmi su fita tsakar gida, inda sauro ke jiransu. Galibi mukan ɗora laifin a kan yanayi ko a kan masu wutar lantarki. Ni kuwa ina ganin babban rabon laifin na ginin ne.

Wani zai ce me ya haɗa malamin ilmin halittu da gini? Abin da ya haɗa mu shi ne jikin ɗan Adam. Jiki yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37 na ma'aunin Salshiyos, kuma idan zafi ya yi yawa, da gumi yake kare kansa. Kowace lita ɗaya ta ruwa da ta bushe ta bi iska tana tafiya da zafi kimanin kilojul 2,400. Amma gumi ba ya bushewa sosai sai iska na motsi. Haka nan ɗakin da ya cunkushe, iska ba ta ratsa shi, yana sauƙaƙa yaɗuwar cututtukan da ke bin numfashi. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, akasari a Arewa, ta kashe fiye da 11,000. Ba zafi ne ke haifar da sanƙarau ba, ƙwayar cuta ce, sai dai cunkoso na taimaka mata.

Masana gini suna da wata dabara ta tsara gida yadda zai daidaita zafinsa da kansa, ba inji, ba lantarki. A Turai manufarta ita ce a kamo rana a shigo da ita ɗaki saboda sanyi. A nan Kaduna kuwa akasin haka muke bukata a yawancin shekara, watau mu kare kanmu daga gare ta.

Mu fara da hanyar rana. Kaduna tana wajen digiri 10.5 arewa da layin Ikwaita. Saboda haka sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai bisa kanmu da tsaka, wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu takan ɗan karkata arewa, iyakarta digiri 13 a watan Yuni. A sauran shekara tana kudu, har ta kai digiri 34 a watan Disamba. Wannan yana nufin bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa, domin rana daga sama take dukansu. Ga lissafi ga ɗalibai: a Disamba, kowace mita ɗaya ta tsawon bangon kudu tana bukatar bakin rufi ya zarce da santimita 67 kafin inuwa ta rufe ta da tsakar rana. Taga mai tsawon mita 1.2 tana bukatar rumfa mai kimanin santimita 80 a kanta. A arewa kuwa santimita 30 sun wadatar.

Gabas da yamma su ne matsala. Da hantsi da la'asar rana tana ƙasa-ƙasa, babu bakin rufin da zai tare ta, kuma ta la'asar ta fi cutarwa domin takan zo lokacin da iska ta riga ta yi zafi. Don haka a miƙe tsawon gida daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye da manyan tagogi su dubi arewa da kudu. A ajiye banɗaki da ɗakin ajiya a yamma, kada a sa ɗakin kwana. Abin takaici, a sababbin unguwanni irin su Unguwar Romi da Gonin Gora, titi ne kaɗai ke gaya wa mai gini inda gidansa zai duba.

Sai rufi. Da tsakar rana, idan sama ta washe, hasken da ke sauka a kan kowace murabba'in mita ya kusa wat 1,000, ƙarfin dutsen guga ɗaya ke nan. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe yana da murabba'in mita 13. Ka ƙaddara dutsen guga 13 a kunne bisa kanka. Kwano mai duhun launi, wanda ake yayi yanzu, yana shanye mafi yawan wannan zafi, fari kuwa yana mayar da mafi yawansa. Silin yana taimakawa, amma sai an bar kafofi tsakaninsa da kwano don iska mai zafi ta fice, a sa musu raga saboda jemagu.

A nan ne ya kamata mu waiwayi magina na dā. Katangar tubali mai kauri da rufin soro na azara, irin waɗanda ake gani a Gidan Makama na Kano, suna shan zafi sannu a hankali. Bango mai kaurin santimita 30 kan jinkirta zafin rana da wajen awa takwas, saboda haka ɗaki ke sanyi da azahar, sa'an nan ya yi ɗumi da dare, abin da ake so lokacin hunturu. Bulon siminti mai inci shida ba shi da wannan haƙuri. Amma kada mu kwaikwayi Kano ido rufe. Kaduna tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma da damina danshi ne ke damun mutum. Ginin ƙasa a nan yana bukatar tushe mai tudu da rufin da ya zarce bango sosai. Yana kuma bukatar tagogi masu fuskantar juna, domin iskar damina, wadda ke zuwa daga kudu maso yamma, ta shiga ta nan ta fita ta can. Gidajen haya masu ɗakuna jere, kowane da taga ɗaya ƙarama, waɗanda suka yawaita a kewayen masaƙun Kakuri tun bayan buɗe ta farko a 1957, sun rasa wannan.

Maginin nan ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, ya haɗa dabarun biyu a makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001: bangon bulon ƙasa, sa'an nan faffaɗan kwano da aka ɗaga sama da silin, iska na wucewa tsakani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami lambar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini.

Itace ma na'urar sanyaya wuri ne. Ban da inuwa, yana fitar da ruwa ta ƙananan kafofin ganyensa, ruwan ya tafi da zafi kamar yadda gumi ke yi mana. Darbejiya ko mangwaro a yammacin gida sun fi kowane labule, muddin an nisanta su daga tushen gini saboda saiwa. Wanda ya sare itacen tsakar gidansa ya malale wurin da siminti, ya shimfiɗa wa kansa kasko.

Malamai za su iya gwada duk wannan a filin makaranta. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe, a auna inuwarta sau ɗaya kowane mako da misalin ƙarfe 12:30, lokacin da rana ke kai ƙololuwa a Kaduna. A Disamba inuwar za ta nuna arewa da tsawon kusan santimita 67, ta yi ta raguwa har ta ɓace a tsakiyar Afrilu, sa'an nan ta ɓullo ta kudu. A kuma sami gwangwani biyu iri ɗaya, a shafa wa ɗaya farin fenti, ɗaya baƙi, a cika su da ruwa, a ajiye a rana awa biyu, a auna zafinsu. Ɗalibai su rubuta sakamakon, sa'an nan su je su duba inda tagogin ajinsu suka fuskanta.