Haruffa Masu Kumatu: Shawarwari Ga Mai Sana'ar Gida

Uwargida mai zoɓo ko kunun aya, sitikar da ke jikin gorarki ita ke fara yi miki talla kafin kowa ya kurɓa. Ga kayan maƙulashe da na yara, babu kamar haruffan nan masu kauri da zagayayyen baki, waɗanda ni nake ce wa masu kumatu.

1. Ki riƙe sunayensu, kada ki je wajen mai buga sitika kina kwatance da hannu. Kakansu shi ne Cooper Black, wanda Oswald Cooper ya zana a Shikago ta Amurka, ya fito a 1922. Da shi kamfanin jiragen easyJet ke rubuta sunansa. Akwai Arial Rounded a kwamfutoci da yawa, sai Fredoka da Baloo da ake saukewa kyauta daga Google Fonts.

2. Kafin ki ce wani ya yi miki, a rubuta miki zoɓo, ƙosai da ɗanwake da shi, ki gani da idonki. Nan ne gizo ke saƙa. Yawancin waɗannan haruffa ba don Hausa aka zana su ba, saboda haka babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu. Sai ki ga ɗan akwati a gurbin harafin, ko kwamfuta ta aro wani siriri ta cusa a tsakiya, kamar ramammen yaro cikin ƙattai. Mai shago zai ce a cire ƙugiyar kawai, ai kowa zai gane. Kada ki yarda. Mai sayar da baƙin sabulu ba bakin sabulu take sayarwa ba. In abin ya faskara, a koma Andika ko Noto Sans masu kauri. Ba su kai waɗancan fara'a ba, amma ƙugiyoyinsu cif.

3. Sunan kaya kaɗai za ki ba masu kumatu. Lambar waya, farashi da ranar da aka haɗa kaya, a sa su da harafi siriri. Idan aka ƙanƙance mai kauri, tawada kan cike ramukansa, 6 da 8 su zama 'yan biyu, mai saye ya kira wata.

4. Mai kumatu ɗaya ya isa sitika.

5. A fara buga guda ɗaya tak. Ki manna a gora, ki sa a kula da ƙanƙara na awa biyu, sannan ki ajiye a tsakar gida ki karanta daga bakin ƙofa. Jan rubutu a kan gorar zoɓo ɓacewa yake yi. Fari ko ruwan ɗorawa ya fi fitowa.

6. Katin suna ko na walimar 'yan nazire, bismillah. Amma sanarwar rasuwa da katin ɗaurin aure, a bar su da harafi mai kamun kai. Na taɓa ganin sanarwar sadakar bakwai da irin haruffan kwalin alawa, har yau ban daina jin kunyar mamacin ba.