Yadda Za Mu Kwance Motocin Wasa na Roba Mu Wanke Su Ba Tare da Sun Lalace Ba

A ikilisiyoyi da yawa akwai 'yan motocin wasa na roba a ajin ƙananan yara na makarantar Lahadi. Waɗansu kyauta ce, waɗansu kuwa gwanjo ne iyaye suka sayo. Yara suna tura su a ƙasa inda kaji da awaki suke yawo, sa'an nan su kai su baki. Ta wannan hanya ƙwayoyin gudawa da ƙwan tsutsar ciki suke ratsawa daga yaro zuwa yaro. Goge bayan mota kaɗai bai isa ba, gama datti yana taruwa a ciki da kuma gindin tayoyi. Amma idan muka buɗe da ƙarfi, robar za ta tsage, ta zama abin yanka hannu. Dokar aikin ɗaya ce: mu gane yadda aka haɗa motar kafin mu taɓa ta.

Abubuwan da muke bukata

Ƙaramin sukundireba, tsohon buroshin haƙori, allura, tsohon kati na roba mai tauri, faranti, sabulu, ruwa mai ɗan ɗumi da tsumma mai tsabta.

Mu fara dubawa

Mu juya motar mu dubi ƙasanta. Akan haɗa irin waɗannan motoci ta hanya uku. Akwai masu sukuru. Akwai masu 'yan ƙugiyoyi na roba da ke maƙale da juna. Akwai kuma waɗanda aka manne ko aka narka bakinsu aka haɗe. Wannan na uku ba a buɗe su. Mu wanke su daga waje da buroshi, mu bar su su tsane.

Yadda ake kwancewa

1. Idan motar mai batir ce, mu cire batiran tukuna.
2. Mu nemi dukan sukurori. Sau da yawa akan ɓoye ɗaya a ƙarƙashin takardar da aka manna ko cikin gidan batir. Idan mun kwance waɗanda muke gani amma motar ta ƙi rabuwa, akwai saura. Kada mu ja.
3. Mu yi amfani da sukundireban da ya yi daidai da kan sukurun, mu danna sosai muna juyawa. Wuƙa tana cinye kan sukuru, daga nan ba ya sake kwantuwa.
4. Mai ƙugiyoyi kuwa, mu sa katin roba a tsagin haɗin, mu bi gefe a hankali, ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Da sanyin safiyar hunturu roba takan yi tauri ta karye da sauƙi, saboda haka mu bari hantsi ya yi.
5. Mu jera kowane abu a faranti bi da bi yadda muka cire shi. Mai waya ya ɗauki hoto kafin ya fitar da kayan ciki.
6. Kada mu fizge tayoyi daga ƙarfensu. An matse su ne a kai, idan aka cire ba sa sake kamawa. Mu sa allura mu zaro gashi da zaren da suka naɗe.

Wankewa

Sassan roba zalla ne za su shiga ruwan sabulu. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai, domin tafasasshe yana lanƙwasa roba. Kada mu sa fetur, kananzir ko maganin cire fenti, suna cin roba. Injin ciki, wato ƙarafa, sifirin da wayoyi, ba ya son ruwa. Mu kakkaɓe shi da busasshen buroshi.

Idan yaro mai gudawa ko mura ya yi wasa da motar, bayan sabulu mu zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na ruwan bilic, irin su Jik ko Hypo, a lita ɗaya ta ruwa. Mu jiƙa sassan roba minti biyar, mu ɗauraye. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanki.

Kada kuma mu kankare fenti. A shekarar 2007 an janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwannin Amurka saboda an sami gubar dalma a fentinsu, dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. Motar da fentinta yake ɓarewa, a kawar da ita daga wurin yara.

Mayarwa

Mu shanya a inuwa har kome ya bushe sarai, gama rana mai zafi tana gasa roba. Lokacin sa sukuru, mu fara juya shi baya kaɗan har mu ji ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sa'an nan mu ɗaure. Da ya tsaya, mu tsaya. Matsewa da yawa tana fasa gurbinsa.

Kafin mota ta koma hannun yaro, mu ƙirga sukurori, mu girgiza ta, mu taɓa tayoyi. Duk abin da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba yana iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Batir ƙarami mai kama da maɓallin riga ya fi kome haɗari: idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshinsa cikin awa 2. A garzaya da shi asibiti ko da yana wasansa lafiya. Idan murfin batir ba ya rufuwa da sukuru, a bar motar ba batir.

Tambayoyi don tattaunawa

- Wane ne yake lura da kayan wasan yara a ikilisiyarmu, kuma a ina ake ajiye su?
- Zumuntar mata ko matasa za su iya keɓe rana ɗaya a wata don wannan aiki?
- Waɗanne motoci ne ya kamata mu ware wa manyan yara kaɗai?