Bayan Tiyatar Rage Tumbi: Me Ya Sa Nauyi Yake Sauka A Hankali?

Wata mata mai sayar da yadi a unguwar Briqueterie ta Yaoundé ta zo wurinmu ranta a ɓace. An yi mata tiyatar rage tumbi a ƙasar waje saboda ƙiba da ciwon sukari. Makonni biyu na farko nauyinta ya sauka da sauri, daga nan sikeli ya tsaya kwana goma bai motsa ba. Sai ta daina cin abinci, ta koma shan wani shayin rage ƙiba da aka sayar mata a kasuwa. Ranar da ta zo, jiri take gani, fitsarinta ya yi ja. Tiyatar ba ta lalace ba, tsoro ne ya kusa kwantar da ita.

Mai karatu, ko kai ne aka yi wa wannan aiki, ko matarka, ko wani a gidanku, wannan darasi naka ne.

Mece ce wannan tiyata?

Iri biyu ne aka fi yi. A na farko, likita yana yanke wajen kashi uku cikin huɗu na tumbi, ya bar shi siriri kamar ayaba. A na biyu, ana yin ƙaramar jaka a saman tumbi a haɗa ta da hanji kai tsaye, yadda abinci zai tsallake wani sashe. An fara irin na biyu a Amurka tun shekarun 1960.

Ba don ado ake yin ta ba. Ana yi wa mai ƙiba mai tsanani ne, musamman idan ga ciwon sukari ko hawan jini. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo. Misali, mai kilo 120 da tsawon mita 1.65 awonsa 44 ne, kuma daga 30 ake cewa ƙiba ta zama cuta.

Nawa ake ragewa, kuma a cikin wane lokaci?

Yawancin mutane suna rage kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsu. Mai kilo 120 zai iya komawa kilo 84 zuwa 90. Amma wannan aikin wata 12 zuwa 18 ne, ba na wata ɗaya ba. Watanni shida na farko sun fi sauri, daga nan tafiyar takan yi sanyi. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsayawar sikeli a mako na uku ko na huɗu abu ne sananne. Abin da ya fara zuba a kwanakin farko yawancinsa ruwa ne. Idan jiki ya mayar da ruwansa, sikeli yakan tsaya, alhali kitse yana ci gaba da narkewa. Haka kuma jikin da ya ga abinci ya ragu yakan yi tattalin ƙarfinsa. Tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu shan wasu magunguna sun fi saurin ganin wannan jinkiri. Kada ka gwada kanka da wani.

Abubuwan da suke hana nauyi sauka

Na farko, abin sha mai zaƙi. Shayi mai madara da sukari, lemun kwalba, zoɓo da kunu masu sukari suna wucewa ta ƙaramin tumbi ba tare da sun ƙosar da kai ba.

Na biyu, ɗan ciye-ciye. Fanke ɗaya yanzu, gyaɗa anjima, biskit da la'asar. Kowane kaɗan ne, amma jimlarsu tana da yawa.

Na uku, zama wuri ɗaya, a shago ko a gida, daga safe har dare.

Na huɗu, ƙin cin abinci gaba ɗaya. Wannan yana cinye tsoka ne, ya bar mutum da kasala.

Abin da za ka yi

1. Ka bi matakan da likita ya tsara: ruwa-ruwa, sannan mai laushi, sannan mai tauri. Kada ka yi tsalle.
2. Ka fara cin abin da ke gina jiki kafin tuwo ko shinkafa: ƙwai, kifi, kaza, wake, nono. Ana son aƙalla giram 60 na sinadarin gina jiki a rana. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6.
3. An san Briqueterie da tsire da kilishi. Kilishi yana da tauri, ka bar shi sai likita ya yarda. Tsire kuma ka zaɓi marar kitse, ka tauna sosai.
4. Ka sha ruwa lita ɗaya da rabi a rana, kurɓi-kurɓi. Kada ka haɗa ci da sha, ka bar minti 30 tsakaninsu.
5. Ka sha ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini kullum. Wannan na har abada ne, domin jiki ba ya tsotse su daga abinci kamar da.
6. Ka yi tafiya a ƙasa kullum, kana ƙarawa har minti 30.
7. Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe. Ka riƙa auna ƙugu da igiyar awon tela, domin sau da yawa riga takan yi yawa kafin sikeli ya nuna.

Abin da za ka guje wa

Kada ka sha shayi ko jiƙon rage ƙiba. Yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa suke zubarwa ba kitse ba. Kada ka sayi ibuprofen ko diclofenac, suna iya jawo gyambon ciki. Ka bar taba. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ya je a sake duba masa, domin awon da yake sha a da zai iya yi masa yawa. 'Yar'uwa, ki dakata da ɗaukar ciki har wata 12 zuwa 18. Game da azumi, musamman a shekarar farko, a nemi shawarar likita tukuna.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Idan ga zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko ciwon ciki mai tsanani, ko numfashi da ƙyar, ko baƙin bayan gida, ko amai da ya ƙi tsayawa. Amai na kwanaki yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuma yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A Yaoundé akwai Hôpital Central da Hôpital Général. A ƙauye, a je asibiti mafi kusa da takardun tiyatar. Idan kuma sikeli ya tsaya fiye da mako shida, ka rubuta duk abin da ka ci na kwana uku ka kawo mu duba tare.

Matar nan ta bar shayin, ta koma cin ƙwai da kifi da shan ruwa. Bayan mako biyu sikeli ya ci gaba da sauka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa sikeli yakan tsaya a mako na uku?
2. Waɗanne abubuwan sha ne a gidanku suke da sukari da yawa?
3. Waɗanne alamu ne ba a kwana da su a gida?