Darasi: Kada Hidimar Kirsimeti Ta Sa Mu Manta Da Mai Bikin

Karatu: Luka 10:38-42 da Luka 2:1-24

 

Watan Disamba wata ne na kai da kawowa. Ba a gama yankan dawa ba, ga casar shinkafa, ga kwasar amfani zuwa gida kafin wutar daji ko dabbobi su shiga gona. Tela ya cika da ɗinki, mata suna kitso, 'yan watanda suna bin kuɗin saniya, 'ya'yanmu na birni kuma suna hanya. Babu laifi cikin waɗannan. Tambayar da muke so kowace ikilisiya ta yi wa kanta ita ce: cikin dukan wannan hidima, ina wurin da muka bar wa Yesu?

1. Marta ta karɓi baƙo, amma ba ta zauna da shi ba

Marta ce ta karɓi Yesu a gidanta, ita ce kuma ta shiga ɗawainiyar abinci. 'Yar'uwarta Maryamu ta zauna kusa da shi tana jin koyarwarsa. Da aiki ya yi wa Marta yawa, sai ta kai ƙara wurin baƙon da kansa. Yesu bai ce mata girki zunubi ne ba. Ya nuna mata cewa damuwarta ta yi yawa, har ta hana ta abin da ya fi muhimmanci, wato jin maganarsa.

Haka yake faruwa da mu. Ranar 25 ga Disamba, yawancin iyayenmu mata suna bakin murhu tun asuba. Waɗansu sukan iso majami'a ana albarkar tashi, waɗansu ba sa zuwa sam. Kada mu yi saurin ba su laifi. Idan maigida da samari suka sa sababbin kaya suka tafi sujada, suka bar mace ɗaya da ɗiban ruwa, faskare da yanka, mu ne muka mai da ita Marta.

2. Kirsimeti na fari bai ci kuɗi ba

A lokacin haihuwar Yesu ma mutane suna cikin hidima. Kaisar Augustas ya ba da umurni a yi ƙidaya, kowa ya koma garinsu. Yusufu da Maryamu sun yi tafiyar fiye da kilomita 100 daga Nazarat zuwa Baitalami, ba su kuwa sami masauki ba. A komin dabbobi aka kwantar da Mai Ceto. Waɗanda suka fara jin labarin makiyaya ne, talakawa masu kwana a daji.

Mu duba aya ta 24. Da suka kai jaririn Haikali, tsuntsaye biyu ne hadayarsu. Bisa ga Littafin Firistoci 12:8, wannan ita ce hadayar wanda ba shi da halin ɗan rago. Ba su ci bashi domin a gan su da rago ba. Sun kawo abin da suke da shi, Allah kuwa ya karɓa.

3. Abin da muka yi da rumbu, shi ma sha'anin bangaskiya ne

Cikin watan Agusta mun ziyarci wani ƙauye, muka tarar da wani ɗan'uwa yana ƙodago a gonar wani, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye ta. Ya faɗa mana cewa buhu 12 na masara ya samu a kakar da ta wuce. Ya sayar da 7 kafin Kirsimeti domin zannuwa, takalma, nama da abin sha na baƙi. Kafin Yuli rumbu ya ƙare. Masarar da ya sayar da araha, ita ce ya koma yana awo da tsada. Ya ce mana kunya ta hana shi zuwa sujada, domin dattijon da yake binsa bashi yana zama a layin gaba.

Kowa ya sani hatsi yakan yi araha da kaka, ya yi tsada da damina. Hausawa sun ce, sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Misalai 22:7 kuma ta gargaɗe mu cewa bashi yakan mai da mutum bawa. A Farawa 41, kashi 1 cikin 5 na amfanin shekaru 7 na ƙoshi aka tara a Masar ta wurin shawarar Yusufu, shi ya ceci mutane a shekarun yunwa. Bikin da zai sa yaranmu su kwana da yunwa a watan Agusta, ba Yesu muka girmama da shi ba, idon mutane muka ji tsoro.

4. Abubuwan da za mu iya yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bari mu soma tun farkon wata.

a) Sujadar iyali. Bisharar Luka tana da sura 24. Idan muka karanta sura ɗaya kowane dare daga 1 ga Disamba, za mu gama a daren jajibere. Inda iyaye ba su iya karatu ba, ɗan makaranta ya karanta.

b) Miji da mata su zauna su yi addu'a, su raba amfanin gona kafin a kai komai kasuwa: baikon godiya, abincin shekara, iri, kuɗin makaranta na Janairu. Abin da ya rage shi ne na biki.

c) A raba aiki. Maza da matasa su tanadi ruwa da itace tun ranar 24, domin kowa ya sami sujada daga farko.

d) Dattawa da Zumuntar Mata su rubuta sunayen gwauraye, marayu, marasa lafiya da waɗanda suka bar garuruwansu saboda tashin hankali. Kowane gida ya kawo ko da mudu ɗaya. Kada kuma mu manta da kwanon maƙwabtanmu Musulmi, kamar yadda muka saba.

e) Mu tsare kanmu daga buguwa. Abin baƙin ciki ne a yi waƙar haihuwar Almasihu da safe, da yamma kuma dattawa su shiga rabon faɗa a gidan burkutu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A Kirsimetin da ya wuce, su wa a gidanmu ba su sami zuwa sujada ba? Me ya hana su?
2. Wane abu muke saye domin tsoron maganar mutane kawai?
3. Wa za mu gayyata bana wanda ba shi da halin rama mana?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, mun gode maka domin ruwan sama da amfanin gona. Ka gafarta mana inda muka shagala da hidima muka bar ka. Ka ba mu hikimar riƙon abin da ka ba mu, da zuciyar tunawa da mabukata. Ka kawo matafiyanmu gida lafiya. Amin.