Amsoshin Tambayoyinku: Me ya hana Afirka ɗaga kofin duniya, kuma wa za mu sa wa ido a 2026?

TAMBAYA: Tun ina yaro nake jin manya suna cewa Afirka ta kusa cin kofin ƙwallon ƙafa na duniya, ga shi yau 'ya'yana sun fara zuwa gidan kallo, ba mu gani ba. Muna da 'yan wasan da ke tashe a manyan kulob na Turai, to ina matsalar take? Kuma a gasar 2026 wace ƙasa ce a cikin namu za ta iya fitar da mu kunya? Daga wani mai karatu a Damagaram, Jamhuriyar Nijar.

AMSA: Malam, ka yi haƙuri, amsar za ta ɗan yi tsawo, domin sai mun waiwaya baya kafin mu yi maganar gobe.

Da farko ka sani cewa wannan kofi yana da wuyar ɗauka ga kowa. An buga gasar sau 22 daga 1930 zuwa 2022, amma ƙasashe takwas kacal suka taɓa cin ta: Birazil sau biyar, Jamus da Italiya sau huɗu-huɗu, Ajantina sau uku, Faransa da Yurugwai sau biyu-biyu, sai Ingila da Sifaniya sau ɗaya-ɗaya. Holan ta je wasan ƙarshe har sau uku, a 1974 da 1978 da 2010, ta koma gida hannu rabbana. Sifaniya, duk da Real Madrid da Barcelona, sai a 2010 ta ci. Na kawo wannan ne don kada ka ɗauka cewa wani abu ne ya samu Afirka ita kaɗai.

Amma kuma akwai abin da ya same mu wanda bai samu su Holan ba, wato an daɗe ana rufe mana ƙofa. Masar ce ta fara wakiltar nahiyar, a Italiya a 1934, inda Hungari ta doke ta da ci 4 da 2. Daga nan sai da aka shekara 36 babu wata ƙasar Afirka a gasar. A lokacin shirin gasar 1966 ta Ingila, hukumar FIFA ta ba Turai gurbi goma cikin 16, ta ce Afirka da Asiya da yankin Ostireliya su haɗu su yi kokawa a kan gurbi ɗaya tak. Ƙasashen Afirka suka ce ba za ta saɓu ba, suka ƙaurace wa wasannin neman gurbin baki ɗaya. Ghana ta zamanin Kwame Nkrumah na cikin waɗanda suka jagoranci wannan bore, kuma ita ta fi kowa asara, don ƙungiyarta ta Black Stars ce ta ci kofin Afirka a 1963 da 1965, tana kan ganiyarta. Abin da ke sosa mini rai shi ne, wanda ya fi kowa zura ƙwallo a raga a wannan gasa ta 1966, Eusebio, haifaffen Mozambik ne, amma rigar Fotugal ya sa. Boren ya yi amfani: daga 1970 aka ware wa Afirka gurbinta guda, ya koma biyu a 1982, uku a 1994, biyar a 1998. Ka kwatanta da Turai mai gurbi 13 a gasar Katar ta 2022. Wanda ya shiga da wakilai 13 da wanda ya shiga da biyar ba ɗaya suke ba, ko da ƙwarewarsu ta zo daidai.

To da aka buɗe ƙofar, me muka yi? Tunisiya ta kawo mana nasara ta farko a 1978, ta doke Meziko da ci 3 da 1. A 1982 Aljeriya ta girgiza duniya da ta ci Jamus ta Yamma 2 da 1, Rabah Madjer da Lakhdar Belloumi suka zura ƙwallayen. Sai aka yi mata abin da har yau ba a manta ba. Aljeriya ta riga ta gama wasanninta, don haka Jamus da Ostiriya sun san cewa idan Jamus ta ci da ɗaya ko biyu, su duka za su wuce. Jamus ta ci ɗaya tun da wuri, sauran lokacin suka yi ta miƙa wa juna ƙwallo a tsakiyar fili, 'yan kallo a garin Gijon suna yi musu ihu. Saboda wannan abin kunya ne aka kafa dokar buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci guda.

Daga nan sai wasannin da suka kuɓuce mana a mintocin ƙarshe, kuma ina so ka kula da su, don kamarsu ɗaya. A 1986 Maroko ta zo ta ɗaya a rukunin da ke da Ingila da Fotugal da Folan, ta riƙe Jamus ta Yamma har saura 'yan mintoci a tashi, sannan Lothar Matthaus ya ci ta da bugun tazara. Mai tsaron ragarta a ranar shi ne Badou Zaki, wanda ku mutanen Nijar kuka sani sarai, tun da shi ya horar da ƙungiyar ƙasarku, Mena, har ta zo ta biyu a bayan Maroko a rukuninsu na neman gurbin 2026. A 1990 Kamaru ta doke Ajantina ta Maradona a wasan buɗe gasa, alhali an ba 'yan wasanta biyu jan kati, Roger Milla mai shekara 38 ya ci ƙwallo huɗu a gasar, suka kai zagayen 'yan takwas. Suna gaban Ingila da ci 2 da 1, saura kamar minti bakwai, suka jawo fenariti, suka sake jawo wani a ƙarin lokaci, Gary Lineker ya ci duka biyun. A 1994 Najeriya, wadda ta lallasa Bulgeriya 3 da nema da ƙafafun Rashidi Yekini da Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike, tana gaban Italiya da ci ɗaya, an kori ɗan wasan Italiya guda, saura minti biyu Roberto Baggio ya farke, ya ƙara na biyu a ƙarin lokaci. A 2002 Senegal ta ci Faransa mai riƙe da kofi, ta kai 'yan takwas, Turkiyya ta fitar da ita da ƙwallo ɗaya a ƙarin lokaci. Ta 2010 kuwa ba sai na tuna maka ba: Luis Suarez na Yurugwai ya tare ƙwallo da hannu a kan layin raga, Asamoah Gyan na Ghana ya buga fenariti ya daki turken sama, Ghana ta fita a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Wasu za su ce maka rashin sa'a ne. Akwai ƙaddara a ciki, babu musu, amma abin da ya maimaita kansa sau biyar yana da dalili. A ganina, ƙungiyar da ke riƙe nasara har a busa tashi ita ce wadda ta zo da natsuwa, da 'yan canji masu ƙarfi a benci, da kocin da ya daɗe da ita har kowa ya san aikinsa. Waɗannan kuwa a ofis ake shirya su, shekaru kafin a shiga fili. A nan ne babbar cutarmu take. A 1974 'yan wasan Zayar sun shiga wasa da Yugoslabiya suna cikin rigimar kuɗin da aka hana su, aka zura musu tara da nema. Bayan shekara 40, a gasar 2014 ta Birazil, 'yan Kamaru sun ƙi hawa jirgi sai an daidaita alawus ɗinsu, gwamnatin Ghana ta aika da tsabar kuɗi dala miliyan uku a jirgi don ta lallashi 'yan wasanta, 'yan Najeriya kuma suka ƙaurace wa atisaye ana gab da karawa da Faransa. Ɗan wasan da ya kwana yana taron neman haƙƙinsa, da wace zuciya zai fuskanci Faransa?

Ka dubi yadda Najeriya ta rasa gurbin 2026, za ka ga cutar ba ta warke ba. Ƙasar da ke da Victor Osimhen da Ademola Lookman, gwarazan Afirka na 2023 da 2024, ta samu maki uku kacal a wasanni huɗu na farko: kunnen doki da Lesoto a gida, kunnen doki da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, sannan Benin ta doke ta. Koci uku suka ja ragamarta a wannan zango ɗaya, Jose Peseiro da Finidi George da Eric Chelle. Da ta lallaɓa ta kai wasan cike gurbi a Rabat a watan Nuwamban 2025, sai 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus. Sun ci Gabon, amma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da su a bugun fenariti. Karo na biyu ke nan a jere babu Najeriya a gasar, ƙasar da Ahmed Musa ya ci wa ƙwallo huɗu a gasar 2014 da 2018, ƙasar da Garba Lawal da Tijjani Babangida suka bugawa lokacin da ta doke Sifaniya 3 da 2 a 1998. Wannan abin takaici ne ƙwarai, kuma ba zan ɗora laifinsa a kan 'yan wasa ba.

Maroko ce ta nuna cewa cutar tana da magani. Abin da ta yi a Katar a 2022, inda ta ci Beljiyam, ta fitar da Sifaniya da Fotugal, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe, an fi shekara goma ana gina shi. Ta kafa makarantar horar da yara ta Sarki Muhammad na Shida a kusa da Rabat, kuma daga can Youssef En-Nesyri, wanda ya ci Fotugal da ka, ya fito, haka Azzedine Ounahi da Nayef Aguerd. Ta kuma bi 'ya'yanta da aka haifa a Turai tun suna ƙanana ta jawo su gida. 14 daga cikin 'yan wasa 26 da ta kai Katar a waje aka haife su, har da Achraf Hakimi ɗan Madrid. Kocin da ya kai su, Walid Regragui, nasu ne. Abin bai tsaya nan ba: sun ci tagulla a gasar Olamfik ta 2024, matasansu 'yan ƙasa da shekara 20 sun ci kofin duniya a Chile a 2025 bayan doke Ajantina 2 da nema, manyan kuma sun ci duk wasanninsu takwas na neman gurbi. In ka ga wane ya ƙoshi a rani, da damina ya yi noma.

Yanzu ga 2026. Za a buga gasar a Amurka da Kanada da Meziko daga 11 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli, da ƙasashe 48 a rukuni 12. Afirka ta samu gurbi tara kai tsaye: Maroko, Senegal, Masar, Aljeriya, Tunisiya, Ghana, Kwaddibuwa, Afirka ta Kudu da Cape Verde, ban da ƙarin dama guda ta wasan cike gurbi tsakanin nahiyoyi, wadda Kongo ta samu. Fita daga rukuni ya yi sauƙi, tun da har takwas daga cikin waɗanda suka zo na uku za su wuce. Sai dai hanyar ta ƙara tsawo, wasa takwas ne zuwa kofi maimakon bakwai, ga zafi, ga doguwar tafiya tsakanin birane. Tsarin ya fi dacewa da ƙasar da bencinta ke cike.

Maroko na rukuni ɗaya da Birazil da Sikotilan da Haiti, kuma ita na fi sa wa rai, ko da yake yanzu babu wanda zai raina ta kamar yadda aka yi a Katar. Ta biyu ita ce Senegal. Ta ci Ingila 3 da 1 a Nottingham a watan Yunin 2025, karon farko da wata ƙasar Afirka ta doke Ingila, tana da tsofaffin hannu irin su Sadio Mane da Kalidou Koulibaly ga kuma matasa. Rukuninta ne mai zafi, akwai Faransa da Nowe ta Erling Haaland. Kwaddibuwa, zakarar Afirka a gasar da aka kammala a 2024, ba a zura mata ko ɗaya ba a wasanni goma na neman gurbi, amma ba ta taɓa wuce rukuni a gasar duniya ba, don haka wannan ne aikin farko a gabanta. Masar, mai kofin Afirka bakwai, ba ta taɓa cin wasa ko guda a gasar duniya ba. Da Mohamed Salah da Omar Marmoush, a rukunin Beljiyam da Iran da New Zealand, ya kamata ta wanke wannan. Ghana ta faɗa hannun Ingila da Kuroshiya, Aljeriya kuma za ta gamu da Ajantina. Cape Verde, tsibiran da mutanensu ba su fi rabin miliyan da kaɗan ba, ta riga ta yi abin a yaba tun da ta hana Kamaru zuwa ta ɗaya a rukuni.

Ga ra'ayina, Malam, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ban sa ran kofin zai zo Afirka a 2026 ba, don Faransa da Sifaniya da Ajantina da Ingila sun fi mu yawan gwanaye a kowane gurbi na fili. Ina sa ran biyar ko shida daga cikin namu za su fita daga rukuni, kuma Maroko ko Senegal za ta iya kai 'yan takwas, watakila ma 'yan huɗu idan Allah Ya kiyaye manyan 'yan wasansu daga rauni. Idan kana neman shekarar da za ka fi sa zuciya, ka dubi 2030, lokacin da Maroko za ta karɓi baƙuncin gasar tare da Sifaniya da Fotugal, matasan da suka ci kofi a Chile kuma sun kai ƙarfinsu. Allah Ya kai mu da rai da lafiya, a gaida mana mutanen Damagaram.