WANE BIRKI YA DACE DA AMALANKENKA?

Iyayena da yayyena manoma, ga lokacin kai auduga kasuwa ya matso. Kowa yana duban taya da karkiya, amma kaɗan ne ke tuna birki. To, ku saurara.

Amalanken shanu takan ɗauki kamar kilo 1,000. A kan tudu shanu ke jan ta. A gangare kuwa ita ke tura su. Karkiya sai ta zame ta hau kan ƙaho, sa ya kasa tsayawa. Wanda ya taɓa sauka kwarin Majiya da kaya ya san haka. In amalanke ta kife, sa yana iya karyewa, audugar da aka tsinta da wahala ta sha ƙasa, lamba ɗaya ta koma lamba biyu.

Birki iri uku ne za ku iya samu.

1. Birkin katako. Guntun itace ne mai tauri, da sanda. In ka ja sandar, itacen ya danne taya. Shi ya fi araha, maƙerin gari ma yana yin sa. Aibinsa biyu: yana cin taya, kuma in taya ta jiƙe sai ya yi santsi.

2. Birkin mota. In an ƙera amalankenka da ƙafafun tsohuwar mota, duba cikin ƙafar, watakila birkinta yana nan. Sai makanike ya ɗaura masa waya da sanda. Ya fi na katako kamawa. Amma kada mai ko giris ya shiga cikinsa, don ba zai kama ba.

3. Birki mai kama kansa. Wannan na tirelar da mota ke ja ne. In mota ta rage gudu, tirela ta turo, turowar nan ita ke jan birkin. A Faransa doka ta ce tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 lalle ta kasance da birki, kuma irin wannan ba ya wuce tirela mai kilo 3,500. Tsohon samfurinsa yakan cije in za a koma da baya, sai an sa maƙalli. Ku tambaya kafin ku biya.

Yaya za ka zaɓa? Tambayi kanka abu uku. Nawa ne nauyin kayana? Akwai gangare ko ƙorama tsakanin gonata da kasuwa? In ya lalace, wa zai gyara mini a kusa? Mai hanya shimfiɗaɗɗiya, na katako ya ishe shi. Mai gangare ya nemi na mota. Birkin da sai an je birni kafin a gyara shi, ba naka ba ne.

Ko wane ka zaɓa, ya kama ƙafa biyu daidai. In ɗaya kaɗai ya kama, amalanke za ta karkace. Gwada shi a fili, da kaya, tun kafin ranar kasuwa. Ja birki tun daga bakin gangare, kada ka bari sai ta ɗauki gudu. In ka tsaya, tare ƙafa da dutse. Kada yaro ya bi ta gaban shanu a gangare.

Wanda bai gane ba ya tambayi malamin gona na garinsu. Allah ya kai mu kasuwa lafiya.