Ciwon da Ke Saura Bayan an Share Makoki

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan raunin da ido ba ya gani ne.

Daren 22 ga Mayu 2017 wani ya tayar da bam a Manchester Arena, mutum 22 suka rasu, cikinsu har da yara. Bayan mako uku gobarar Grenfell ta tashi a Landan, ta ci rai 72. Dattawanmu kuma ba su manta da 9 ga Mayu 2001 ba, ranar da mutum 126 suka mutu a turmutsitsin filin ƙwallo na Accra bayan an harba barkonon tsohuwa.

Masifar da ɗan Adam ya jawo ta fi ta ruwa ko iska wuyar haɗiyewa, domin akwai mai laifi. Zuciya sai ta yi ta tambaya: don me? Ga fushi, ga rashin yarda da mutane. Mu Musulmi a nan akwai ƙari: bayan kowane hari, mace mai hijabi takan shiga motar haya a Six Ways tana ɗar-ɗar, alhali ita ma jimami take.

A makonnin farko, rashin barci, mugun mafarki, faɗuwar gaba da saurin firgita ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Jiki ne bai yarda haɗarin ya wuce ba tukuna. Yawanci sukan lafa da kansu. A ci abinci kan lokaci, a fita jam'i, a ziyarci juna. Hotunan gawarwaki da ake turawa ta WhatsApp kuwa, don Allah a daina. Fami ne kawai. Wanda bai shirya magana ba, kada a matsa masa. Zama kusa da shi ya isa.

Amma iyayenmu, "ka yi haƙuri" ba ta warkar da kowa. Idan wata guda ya wuce mutum na ganin abin kamar yanzu yake faruwa, yana gudun wurin, ko yaro ya koma fitsarin kwance, a je wurin likitan unguwa. Manya na iya kai kansu NHS Talking Therapies, kyauta ne, kuma ana iya neman tafinta. Wanda ya fara zancen gajiya da rayuwa, kada a jira gari ya waye: a kira 111, in rai na cikin haɗari 999.